Akwatunan da Hajiya Ta Ƙi Buɗewa

Shamsiyya tana tsugune a tsakar gidansu na Kusada tana tankaɗen garin dawa ta ji sallamar Kawu Sodangi daga zaure. Rariyar ta suɓuce mata. Mako bakwai ke nan tana kasa kunne don wannan muryar, har ta kai ko mai tallan manja ya yi sallama sai gabanta ya faɗi.

Ta zari hijabi ta fita, ko hannu ba ta wanke ba.

Kawu Sodangi ƙanin mahaifiyar saurayinta Harisu ne, mai fataucin ƙaro da riɗi tsakanin Katsina da gabashin Chadi. Tun da yaƙin basasa ya ɓarke a Sudan, waya ta daina shiga garin da Harisu yake aikin likita, shi ne ya zama musu gidan waya. Mutum ne mai barkwanci. In ya kawo wasiƙa sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Amaryarmu, a kawo tukuici tukuna."

Yau ko zama bai yi ba.

"Kawu sannu da hanya. Kun gan shi? Lafiyarshi lau?"

Ya miƙa mata takarda a ninke cikin leda, idonsa na kallon bango.

"Amana ce, na kawo. Ba don amana ba, aradu da ƙafata ba ta taka wanga zaure ba."

Kafin ta buɗe baki ya sa takalmi ya fice. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, ta rasa laifin da ta yi wa bawan Allahn nan.

Ga yadda abin yake. An kawo lefen Shamsiyya daga Kankiya ana saura mako biyu a fara azumi, akwati huɗu saiti guda, aka sa biki bayan Sallah. Harisu yana can wani gari a yammacin Sudan yana ƙarasa aikin shekara guda da ake yi bayan karatun likita. Ana cikin azumin nan bindiga ta fara magana. 'Yan uwansa ɗalibai suka bi motoci suka gudo, shi kuwa ya ce likita uku ne suka rage a asibitin, a ba shi mako biyu. Mako biyun nan ne ya haura shekara.

Wasiƙarsa ta uku ita ta hana ta sukuni. Babu "hasken idona" a ciki, babu "tauraruwata", duk da ya iya su. Cewa ya yi bandeji ya ƙare, suna wanke wanda aka cire wa wani su shanya a igiya su ɗaure wa wani. Safar hannu ta ƙare. Zaren ɗinki ya ƙare, har sun fara tafasa zaren tela. Allurar kashe ƙwayoyin cuta kuwa, mai gari a 'yar kwalba, in an samu guda sai a tsaya shawarar wanda za a yi wa. Bai roƙe ta komai ba. A ƙarshe dai ya ce, ke da kike aikin asibiti kin san abin da nake nufi.

Ta sani kuwa, don ita ke ba da magani a asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu.

Sai Shamsiyya ta yi abin da babu 'yar mutunci a Kusada da za ta yi a ji. Ta fara zare kayan lefenta ɗaya bayan ɗaya, atamfa yau, leshi gobe, tana sa su a jakar aiki tana sayarwa a ɓoye. Abin da ta samu ta kai wa Maman Ronke mai kemis a Kankiya, ita kuma ta yi mata odar kaya daga Kano. Wata uku tana wannan aiki. Akwatunan suka rabu da tufafi suka cika da magani, ba wanda ya sani, don a kulle suke a ƙuryar ɗakinta.

Da ta ji Kawu Sodangi zai tashi, ta sa makullan da 'yar takardar bayani a ambulan ta liƙe. Ta sami yayanta Sharafaddeen, wanda ya zama uban gida tun rasuwar Babansu, kuma shi ke da mota.

"Yaya, akwatunan nan nake so ka kai Kankiya, shagon Kawu Sodangi, da wagga ambulan. Don Allah kada ka tambaye ni komi."

Tana faɗa tana hawaye, saboda tsoron kada ya ce a buɗe. Ya dube ta ya dube akwatunan, ya ce Allah ya yi mata albarka. Da yamma ya dawo ya ce an kai, an karɓa.

Daga ranar gidan ya canza mata. Inna ta daina yi mata gorin shekara ashirin da shida. Ba mai ambaton Harisu a gabanta, ko da wasa. Abdulrauf abokin Yaya, mai shagon siminti a bakin tasha, ya fara zuwa zance da turarensa mai hawa kai, tana aika masa cewa kanta na ciwo, yana dawowa washegari kamar an ce masa ya warke. Ita duk a zatonta sun gaji da mita ne. Wayayyar yarinya ce Shamsiyya, amma a wannan karon basirarta tana can Sudan.

Yanzu ga wasiƙa ta huɗu a hannunta. Ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Abin da ta fara gani shi ne rubutun ba na Harisu ba ne. Nasa a kwance yake, ƙanana. Wannan manya ne a tsaitsaye, a bayan takardar rubuta magani.

"Shamsiyya, bayan gaisuwa. Okon abokin aikina ne yake rubuta mani, hannuna ya ɗan yi ciwo. A barikin Kaduna ya tashi, ki yi haƙuri da Hausarsa.

"Kawu ya iso, ya gaya mani an mayar da lefe. Na yi shiru kwana biyu ina neman laifinki ban samu ba. Ni na ce mako biyu. Ke kika ba ni shekara da wata uku, ba ki taɓa rubuto mani kalmar ƙorafi ba.

"Abu ɗaya ya tsaya mani. Na ɗauka za ki rubuto da hannunki, ko layi biyu ne. Na zazzage jakar Kawu har ya ji haushi.

"An ce akwai mai nema. In mutumin kirki ne ki amince, kada ki tsaya jin kunyata. Na yafe maki, ke ma ki yafe mani. A nan yau mun binne mutum huɗu, biyu daga ciki da akwai allura da suna raye. Ki riƙa sa mu a addu'a ko kin zama matar wani, addu'a ba ta da haramci. Harisu."

Ta karanta sau biyu. A na biyun ne maganar ta shiga, ta saki wata ƙara da ta sa Inna ta yar da muciya.

Sharafaddeen yana gindin darbejiya yana wanke mota ta iso kansa da takardar a hannu.

"Yaya, ina ka kai akwatunana?"

"Kankiya mana. Mi ya faru?"

"Wurin wa?"

Ya matse tsumma ya ce, "Wurin Hajiya Fadimatu, uwar yaron. To wurin wa za a kai?"

"Shagon Kawu na ce maka! Shagon Kawu Sodangi!"

"Ke Shamsiyya, ki yi hankali. Ina kika taɓa ganin an mayar da lefe a shago, kamar buhun masara? Mu ba 'yan tasha ba ne. Na je na ɗauko Gwaggo Haulatu, don namiji ba ya wanga aiki, muka shiga gida da sallama, ta ba da haƙuri yadda ake yi. Rufa maki asiri na yi."

"Wa ya ce maka mayarwa na yi?"

Ya tsaya da tsumman a hannu.

"Kin zo kina kuka, kin ce in kai akwatin lefe Kankiya, kada in tambaye ki komi. A garin nan in lefe ya fita daga gidan amarya ya nufi garin ango, mi ake nufi?"

"Magani ne a ciki, Yaya! Magani ne da bandeji! Babu zane ko ɗaya, duk na sayar!"

Inna da ta biyo ta har ƙofar gida ta dafe ƙirji.

"Kin sayar da mi? Lefen? Innalillahi! Ɗiyar nan kin kashe mu. Da wane ido za mu dubi mutanen Kankiya?"

"Inna, mutane ke mutuwa can."

"Nan ma mutuwar za mu yi, ta kunya!" Inna ta fashe da kuka. "Mun yi shiru ba mu taɓa yi maki zancen ba don kada mu fama maki ciwo, ashe ke kina can kina kasuwa da mutuncinmu. Ga iyayen Abdulrauf za su kawo gaisuwa ran Juma'a. Na riga na gaya wa dangi."

"Gaisuwar wa? Ni da lefen wani a kaina?"

Sharafaddeen ya ce a hankali, "Lefen da kika sayar?"

Bai faɗa da mugunta ba, shi ya sa ta fi zafi. Ya zauna a kan bokitin da ya kifa, ya riƙe kai. Ba mugu ba ne Sharafaddeen. Ya dai ga abin da ya daɗe yana son gani ne, ya yi murna, bai sake tambaya ba.

"Ka kai ni Kankiya," in ji ta.

Inna ta ce, "Gidan surukai? Da ƙafarki, ba a ɗaura ba? Ba a yin haka!"

"Don ba a yin haka ne mako bakwai ban taka na tambaya ba, Inna. Yau zan yi."

Suka kama hanyar Kankiya a mota. Gero ya kai ƙugu a gonakin gefen hanya, mata na ta cirar ciyawa. Shamsiyya ta jingina kai da gilashi tana tuna yadda ta jera kwalaben nan da hannunta, ta cusa auduga a tsakaninsu don kada su fashe a hanyar Chadi.

Hajiya Fadimatu tana zaune a kan tabarma a rumfar ɗakinta tana jan carbi, Kawu Sodangi a gefe da kwanon fura a gabansa bai taɓa ba. Harisu shi kaɗai ne ɗanta. Mace ce mai kawaici, irin wadda ko sunansa ba ta faɗa sai dai ta ce "yaron nan", amma in ta ƙulla abu a rai sai Allah.

Shamsiyya ta durƙusa tun daga bakin rumfa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya." Ba ta ɗago ba. "An manta wani abu ne a cikin kayan? Ai ba mu taɓa ba. Yadda kuka kawo haka suke."

"Hajiya, don girman Allah ki ba ni ambulan ɗin."

"Ta makullai? Tana nan bisa akwatin. Na rantse ba ni buɗe su sai mai su ya dawo ya buɗe da hannunshi, ya ga abin da aka yi mashi. Ni ba ni ƙirga zanen da aka maido mani, ban yi wannan lalacewar ba."

"To ni ki bari in buɗe. Rantsuwarki ba ta hau kaina ba."

Hajiya ta ɗago ta dube ta a karon farko. Abin da ta gani a fuskar yarinyar ya sa ta nuna ɗaki da carbi.

Akwatunan suna bayan gado an lulluɓe su da tsohon zanen gado. Ambulan tana sama, a liƙe yadda ta liƙe ta, ƙura ta hau. Shamsiyya ta jawo su ɗaya bayan ɗaya har rumfa, ta yage ambulan, takardar bayanin ta faɗo a kan tabarma. Ta sa makulli a babban.

Ta ɗaga murfin.

Warin asibiti ya bugi rumfar. Bandeji ne a jere, farare, cikin ledarsu. Ta buɗe na biyu, safar hannu da zaren ɗinki. Na uku, ruwan wanke ciwo da sirinji. Na huɗu, ƙaramin, wanda aka kawo mata shi cike da sarƙa da turare, kwalaye ne na allurar nan mai gari.

Hajiya ta ce, "Mi ne ne wannan?"

"Lefena ne, Hajiya. Na sayar na sai mashi abin da ya ce babu. Na ji tsoron a hana ni, shi ya sa ban gaya wa kowa ba. Shagon Kawu na ce a kai, ya tahi da su. Wallahi ban mayar ba. Ko a mafarki ban taɓa mayarwa ba."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta kifa kai a kan murfin akwatin.

Hajiya ta ɗauki takardar da ta faɗo ta miƙa wa ƙaninta, don ita ba ta karatun boko. Ya karanta a fili. "Kawu, ga saƙo ka kai wa Harisu hannu da hannu. Ka ce mashi zane ana sake saye. Ina nan ina jira."

Carbin ya zame daga hannun Hajiya.

"Mako bakwai," ta ce. "Mako bakwai ina kwana da su a ɗaki. Kullum in na wuce sai na harare su." Ta rarrafo ta kama kan Shamsiyya ta ɗora a cinyarta. "Ɗiyata, na zage ki a raina. Na kai ƙararki wurin Allah a sujada. Ki yafe mani."

"Ni ce da laifi, Hajiya, da na yi magana."

"Da na buɗe ambulan."

Daga bakin ƙofa Sharafaddeen ya ce, "Da na tambaya." Ba wanda ya juya ya dube shi.

Shamsiyya ta share ido ta juyo wurin Kawu Sodangi.

"Kawu, yaushe za ka koma? Ba su lalace ba, na duba kwanan wata kafin in saya, sai baɗi. Ka kai mashi, ka gaya mashi ƙarya ce. Ni zan rubuta, shafi goma ma."

Kawu ya matso kusa. Ya miƙa hannu cikin ƙaramin akwatin ya ɗauko kwalba guda, yana juya ta a tafinsa.

"Wagga ita ce mai gari? Wadda ake zuba wa ruwa a girgiza?"

"Ita ce."

"Nawa ne a ciki?"

"Sittin."

Ya rufe ido. Hajiya ta ce, "Sodangi, mi kake ɓoye mani? Tun da ka dawo ba ka ci abinci ba."

"Yaya, ya sa na yi alkawarin ba ni faɗa."

"Ni na haife shi. Faɗi."

Ya ajiye kwalbar a kan tabarma a tsakaninsu.

"Wuƙar aiki ce ta yanke shi a yatsa, yana yi wa wani fiɗa babu safar hannu. Ɗan yanka ne, kamar na mai yankan albasa. Ko da na isa, hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi na kayar da shi. Babban likitansu ya ce in aka samu irin wagga allura kamar guda goma, akwai fata. Sun aika ko'ina babu. Kwana biyar ana cewa a yanke, yana cewa a jira Kawu. Ya ce da su, wadda zan aura ma'aikaciyar asibiti ce, na rubuta mata, na san halinta, ba ta barin Kawu ya taho hannu sake."

Shamsiyya ta toshe bakinta da hijabi.

"Na iso da 'yar jakata," in ji Kawu. "Ya zazzage ta a kan gado da hannun hagu. Sai ya ce, Kawu ba saƙo? Ni kau da haushinki cike da cikina, ban tsaya duba halin da yake ciki ba. Na ce da shi saƙo ɗaya ne, sun maido lefe."

Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Ya juya fuska bango. Kwana biyu bai ce uffan ba. Ran na uku da safe ya kira Okon ya yi mashi shiftar wagga wasiƙa. Da suka gama ya ce a kira babban likita, ya ce ba sauran abin jira."

"Sodangi," in ji Hajiya, "wane hannu?"

"Na dama, Yaya. Daga nan." Ya sa yatsa a saman gwiwar hannunsa. "Yana raye. Na baro shi yana shan kunu. Ya ce kada a gaya wa Shamsiyya, kada tausayi ya sa ta fasa auren da za ta yi."

Hajiya, wadda ba a taɓa jin sunan ɗanta a bakinta ba, ta kira shi sau uku da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Shamsiyya ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki kwalbar da Kawu ya ajiye ta mayar cikin kwalinta, ta gyara audugar, ta rufe akwatin ta kulle. Sannan ta juya wurin yayanta.

"Yaya, ka gaya wa Abdulrauf kada iyayenshi su wahala ran Juma'a."

Ya gyaɗa kai, bai iya ɗago ido ba.

"Kawu, yaushe?"

"Ɗiyata, hanyar ta rufe a bayana. Motarmu ce ta ƙarshe da ta tsallako. Direbobi na cewa sai bayan damina, in an buɗe ke nan. Kuma ana maganar kwashe asibitin, ban san inda za su nufa ba."

Ta shiga lissafin watannin da zai yi yana kwana yana tashi da zancen nan a ransa, ba mai gaya masa ƙarya ne. Sai ta jawo takardar Harisu ta juya, ta ga babu fili, ta ɗauki yagaggiyar ambulan ta shimfiɗa a kan murfin akwatin.

"A ba ni biro," ta ce. "Layi biyu ya ce yana so da hannuna."

Kawu Sodangi ya zaro biro daga aljihu ya miƙa mata. Ta rubuta sunansa a sama, hawaye ya ɗiga a kai tawadar ta baje, ta matsa ƙasa kaɗan ta sake rubutawa.